Ma'aikacin Laburare a Zamanin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Mu ƙaddara wata ɗalibar sakandare ce a Daura, malaminta ya sa ta binciko tarihin rijiyar Kusugu. Ta je laburare, ta rubuta "Bayajidda" a kwamfuta, sai littattafai biyu suka fito. Alhali kuwa akwai wasu a kan kanta, sai dai a cikinsu "Bayajida" ko "Abuyazidu" aka rubuta. Me ya ɓoye su? Kundin laburare ba ya fito da komai sai abin da ɗan'adam ya shigar masa. Haɗa waɗannan sunaye wuri guda aikin ma'aikacin laburare ne.

Wannan fanni ya daɗe a jami'o'inmu. Tun 1968 aka buɗe sashensa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina suka bi sahu. A da, bayanin kowane littafi a ɗan kati ake rubuta shi, a jera a akwati. Lambar littafin kuwa akan samo ta ne daga tsarin da Melvil Dewey na Amurka ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma. A tsarin nan, tarihin Nijeriya yana lamba 966.9. Yau kati ya koma cikin manhaja irin su Koha, amma ƙa'idar tana nan daram.

To, me ɗalibin wannan fanni yake bukata yanzu? Da farko, iya siffanta takarda. Idan aka ɗauki hoton tsohon rubutun ajami daga soron wani malami, hoton kaɗai ba ya wadatarwa, domin na'ura tana shan wahala wajen karanta rubutun hannu. Sai an rubuta sunan mawallafi, da harshe, da batu, sannan mai nema zai same shi.

Na biyu, kula da haruffa masu ƙugiya. Wanda ya shigar da "kasa" a maimakon "ƙasa" ya sauya ma'ana, ya kuma ɓatar da mai bincike.

Na uku, adanawa. Gara da ruwa ne abokan gabar takarda, kwamfuta kuma takan lalace dare ɗaya. Saboda haka masana suke ba da shawarar a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani wuri dabam.

Na huɗu, tantancewa: wa ya rubuta, yaushe, kuma mece ce hujjarsa?

Daura ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri. Kowaccensu tana bukatar masu wannan ƙwarewa. Malamai na iya fara gwaji tun daga aji: ɗalibai su jera littattafan makarantarsu a kwamfuta, kowanne da mawallafi, da shekara, da batu, sannan wani ɗalibin ya gwada nemo su.