Me Ya Sa Zazzaɓin Wani Yaron Ke Hawa Ƙwaƙwalwa?

Mu da muka tashi a gidan liman mun san sallamar tsakar dare idan damina ta kankama: uwa da yaro a goye, jikinsa kamar garwashi, idanu sun juye, yana taune-taune, ana neman tofi don an ce iska ce ta taɓa shi. Haka abin yake a zangon Salaga, haka a Yendi da Bawku. Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne, yara biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya yi kwana uku da zazzaɓi ya miƙe, ɗaya kuwa ya suma. Wani ɓangare na amsar yana jikin ƙwayar cutar kanta.

Ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a yankinmu, Plasmodium falciparum, tana ɓuya ne cikin jajayen ƙwayoyin jini. Da za ta bar su suna yawo, da saifa ta tace su ta hallaka ta. Saboda haka sai ta fito da wani sinadari mai danƙo a bayansu, su liƙe a bangon ƙananan jijiyoyi. A 1995 aka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera wannan danƙo, aka sa musu suna var. Kowace ƙwayar cuta tana da kusan 60, amma ɗaya take aiki da ita a lokaci guda. Da garkuwar jiki ta gane ta, sai ta koma wata, tamkar ɓarawon da ke sauya riga a kowace kasuwa.

Rigunan kuwa sharrinsu ba ɗaya ba ne. A 2012 masanan Jami'ar Kofanhegan da takwarorinsu na Tanzaniya suka nuna cewa wasu nau'o'i kaɗan ne suka fi aiki a jinin yaran da ciwon ya yi wa tsanani. A 2013 aka gano inda suke kamawa: wani sinadari a bangon jijiya wanda ke hana jini gudaji da kumburi. Idan suka rufe shi a ƙwaƙwalwa, sai jini ya cushe, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Babba ya sha haɗuwa da waɗannan riguna, jikinsa ya shaida su. Ɗan shekara biyu kuwa bai sha haɗuwa da su kamar babba ba. Binciken da aka yi a gundumar Bongo, jiha ɗaya da Bawku, ya sami dubban nau'o'in var a jinin mutanen wurin, shi ya sa zazzaɓin bara ba ya kare yaro daga na bana.

Gwajin jinin da ake yi a asibitocinmu ba ya faɗin wace riga ƙwayar ta saka, don haka idon uwa ne ma'auni. Taune-taune, suma, kasa shan nono, aman da ba ya tsayawa, numfashi sama-sama, tafin hannu ya yi fari fat: ko ɗaya aka gani, a nufi asibiti a daren, addu'a a yi ta a hanya. Mu a zaurenmu haka muke gaya wa duk wadda ta yi sallama. Gwajin da aka wallafa sakamakonsa a 2010 kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Ghana, ya nuna allurar artesunate ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari a kan kinin.

Sai maganin kariya da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa, kuma nan ne aka fi mantuwa.