Kurkur da Dajin Mama: Tsakanin Kwanon Gwaji da Jinin Mutum

A kasuwar Nguru ko ta Gashuwa, mai kayan yaji zai ƙulla miki garin kurkur, wanda tsofaffi ke kira gangamau, a kan kuɗi kaɗan. Da can aikinsa rini da girki. Yanzu saƙonnin WhatsApp sun ɗora masa wani nauyin, wai yana kashe dajin mama. Zancen yana da tushe a kimiyya, kuma wannan ne ya sa nake jin tsoronsa.

Sinadarin da ke ba shi launin rawaya shi ne kurkumin, wanda Vogel da Pelletier suka fara tacewa a 1815. Bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu Allah Ya yi ta da umarnin ta kashe kanta idan ta lalace. Ƙwayar daji ita ce ta bijire. Cikin masu ɗaure mata gindi akwai furotin NF-kB. A lafiyayyar ƙwaya yana ɗaure a waje da cibiyar ƙwayar kamar doki a turke. A ƙwayoyin daji da yawa kuwa a kwance yake: ya shiga cibiyar, ya sa a ƙera Bcl-2 mai hana mutuwa, da cyclin D1 mai tura ƙwaya ta rabu biyu, da MMP-9 mai narka dangar da ta kewaye ƙarin, har ciwon ya samu hanyar hammata da huhu. Kurkumin yana hana IKK, mai kwance igiyar, yin aikinsa. Doki ya zauna a turke, Bcl-2 ya ragu, furotin Bax ya ƙaru ya huda tukunyar makamashin ƙwayar, sai almakasan da ake kira kasfes su daddatsa ta daga ciki. An sha ganin haka a ƙwayoyin dajin mama da ake kira MCF-7, waɗanda aka ɗebo daga jikin wata majinyaciya a Detroit ta Amurka a 1970, har yau suna hayayyafa a ɗakunan gwaji.

Sai dai kwanon gwaji ba shi da hanji, ba shi da hanta. Kurkumin ba ya narkewa sosai a ruwa, hanji bai cika tsotsarsa ba, ɗan abin da ya wuce kuma hanta ta sauya shi ta fitar. A gwajin da aka wallafa daga Taiwan a 2001, an riƙa ba mutane giram 8 na kurkumin kullum, kwatankwacin rubu'in kilo na gari, amma abin da ya bayyana a jini bai kai maikuromola 2 ba, alhali a kwano galibi sai an zuba 10 ko fiye. A 2017 masana harhaɗa magunguna a Amurka suka bi gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, ba su samu ingantacce ko ɗaya da ya tabbatar da kurkumin a matsayin magani ba.

Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ce mata fiye da 32,000 ne suka kamu da dajin mama a Nijeriya, yawancinsu kuma sai ciwon ya ci jiki suke isa asibiti. A nan arewacin Yobe kowa ya san kalmar da ke tsayar da su: daji ba ya son ƙarfe. Idan kin ji ƙululu, 'yar'uwa, kar ki yarda a ce ki sha kurkur da zuma wata shida, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru. Ɗan naman da likita zai ɗiba a auna shi ne zai nuna ko ƙarin yana ci daga sinadarin estirojin, ko maganin tamoxifen zai yi masa aiki.

Wadda ma ta fara tamoxifen ɗin ta faɗa wa likitanta idan tana haɗiyar ƙwayoyin kurkumin. A Rotterdam ta Holand, a 2019, an gano suna rage endoxifen, wato abin da hanta ke mayar da tamoxifen ya zama kafin ya yi aiki, kuma raguwar ta fi yawa idan an haɗa da sinadarin masoro.