Canza Matatar Hayaƙi a Tsohuwar Mota

A ƙarƙashin motar fetur, tsakanin inji da tukunyar salansa, akwai wani kumburin ƙarfe da masu mota da yawa ba su san aikinsa ba sai ranar da ya lalace. Wannan ita ce matatar hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi. A cikinta akwai dunƙulen gasasshen yumɓu mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: falatinom, faladiyom da rodiyom. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta, ƙarafan nan sukan juya gubar kabon monoksayid da ragowar fetur da bai ƙone ba su koma iskar da ba ta kai su illa ba, haɗe da tururin ruwa. Amurka ce ta fara sa ta a yawancin sababbin motoci a 1975, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu da dokar hayaƙi ta 1992. Shi ya sa kusan duk motar Kwatano da ita take shigowa.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, matatar ba ta cika mutuwa don kanta ba. Babu abin da ke juyawa a cikinta balle ya cinye. Injin ne ke kashe ta. Idan fulogi ya mutu ko kwayil ya samu matsala, ɗanyen fetur yakan gangaro ya kama wuta a cikinta, zafin ya narkar da yumɓun ya toshe ramukan. Idan inji na shan baƙin mai, ko ruwan lagireto na shiga ta fasasshen gasket, sai su lulluɓe ƙarafan su daina aiki. Wani lokaci kuma dutse ko tudun rage gudu ne ke bugunta daga ƙasa ta farfashe. Wanda ya sayi sabuwa ya ɗaura bai gyara asalin ciwon ba, ba da jimawa ba zai sake komawa kasuwa.

Alamominta ba su da wuyar ganewa. Mota ta yi nauyi, a taka totur ta ƙi ja, musamman a hawa. Wani lokaci hayaƙin ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan aka ɗan bubbuga matatar da guduma ta roba aka ji tana kacau-kacau, cikin ya karye. A motocin Amurka daga 1996 zuwa sama, kwamfutar gwaji takan nuna lamba P0420, sai dai lambar kaɗai ba hujja ba ce, domin sensar iska da ta gaji ko salansa mai huji na iya jawo ta. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kwance sensar da ke gaban matatar a tada injin na ɗan lokaci. In ƙarfinsa ya dawo, to a toshe take.

Aikin cirewa kuwa haƙuri yake so fiye da ƙarfi. A bar motar ta huce sosai, don matatar na haura digiri 400 idan tana aiki. A ɗaga motar a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Notuna su ne babbar wahala. Motar da ta yi shekaru a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, za a tarar notunanta sun zama dunƙulen tsatsa, sifana ta kama ta zame. A fesa musu man kwance tsatsa tun da daddare. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wuta ko a yanke shi a sa sabo. Kafin a juya sensa, a fara zare soket ɗin wayarta, in ba haka ba wayar ta murɗe ta tsinke daga ciki. Yawanci sifana mai lamba 22 ce ke kama sensar.

Sabuwar matata tana da gaba da baya, galibi da kibiya a jikinta. A sa sabon gasket, a ɗaura duk notunan da hannu tukuna, sai komai ya zauna daidai a matse su. In ta walda ce, a cire kan batir kafin mai walda ya fara. Daga nan a tada motar a fili, a saurari ko akwai inda hayaƙi ke tsiyaya, sannan a goge lambar daga kwamfuta.

Akwai shawarar da ake yawan bai wa masu mota a gareji, wai a fasa cikin a zubar, mota za ta fi gudu kuma ta rage shan mai. Idan matatar ta toshe, tabbas motar za ta sake numfashi. Amma lafiyayyiya ba ta rage wa mota ƙarfin a zo a gani, kuma hayaƙin da zai riƙa fita bayan an fasa ta, mai talla a bakin titi da ɗan acaɓan da ke biye su za su shaƙe shi. Ga kuma maganar kuɗi: a watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya ta rodiyom ya kusa dala 30,000, shi ya sa ko matacciyar matata tana da masu saye, shi ya sa kuma ake sace ta. Saboda haka mai mota ya tsaya a kan aikinsa, ya ga abin da aka cire da idonsa, kuma ya karɓi tsohuwar, domin tasa ce.