Yaro Mai Lalura Ta Musamman: Wace Irin Nas Yake Buƙata?

Duk uwar da ta taɓa jinyar ɗa a asibiti ta san cewa likita baƙo ne a ɗakin yara. Yakan shigo da safe da ayarinsa, ya duba kati, ya yi 'yan tambayoyi, ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce gado na gaba. Wadda ake kwana da ita ake tashi da ita, ita ce nas. Ita za ki taso da tsakar dare idan numfashin yaro ya sauya, ita ke neman jijiya a ɗan hannun da ya sha huda, kuma ita ce za ta tsaya ta yi miki bayani da Hausar da za ki gane, in Allah Ya haɗa ki da mai haƙuri.

To, idan ciwon na kwana uku ne, kamar zazzaɓin cizon sauro ko gudawa, kowace nas da ta gama makaranta za ta iya da shi. Amma akwai yaran da ciwonsu ba ya da ranar sallama. Mai sikila, mai farfaɗiya, wanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa tun yana jariri har ya kasa zama ko riƙe wuya, mai ruwa a kai da aka sa wa roba, mai ciwon suga tun yana firamare, da waɗanda ake kira 'yan galahanga. Iyayen waɗannan yara sun san kowane lungu na asibiti. A kan mai kula da su nake son mu tattauna a wannan wata.

Abin da ya ja hankalina kan maganar wata maƙwabciyata ce. Ɗanta mai sikila ne, kuma tun yana goye take kai shi asibiti duk ranar da aka ba ta, ba ta taɓa fashi ba. A auna nauyinsa, a duba idonsa, a ba ta 'yan ƙwayoyin ƙarin jini, ta dawo gida. Yana ɗan shekara bakwai, wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta harɗe. Nan da nan gida ya cika, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne. Sai da aka kwana biyu ana hayaƙi kafin aka kai shi asibiti, inda aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yaron ya rayu, Alhamdu lillahi, amma har yau yana jan ƙafa. Abin da ya fi ci wa uwar rai shi ne daga baya ta ji cewa akwai awon da ake yi wa yara masu sikila don a gane wanda wannan abu ke shirin samu, kuma a duk shekarun da ta yi tana bin layi babu wanda ya taɓa faɗa mata. Ban ga laifin nas-nas ɗin da ta riƙa gani ba. Mace biyu a kan yara fiye da ɗari, kuma mai yiwuwa su ma ba a koya masu ba.

Daga ina wannan karatu ya samo asali?

A shekarar 1965, a Jami'ar Kolorado ta ƙasar Amurka, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe wani sabon kwas. Ita Loretta ta yi shekaru tana aiki a ƙauyuka inda likita ke wuyar gani, ta kuma lura cewa nas ce ke ganin yaran, amma ba a ba ta ilimin da za ta binciki yaro da kanta ta yanke shawara ba. Sai suka fara ɗaukar nas-nas da suka riga suka ƙware, suna ƙara masu karatu mai zurfi a kan lafiyar yara. Da farko an yi masu ca, likitoci na ganin an shigo masu gona, wasu shugabannin nas-nas kuma na ganin ana so a mayar da 'yan'uwansu ƙananan likitoci. A yau a Amurka sai da digiri na biyu ko na uku ake kai wannan matsayi, kuma mai shi tana duba yaro, ta sa a yi gwaji, ta rubuta magani. Loretta Ford ta rasu a watan Janairun 2025 tana da shekara 104.

A 1998 hukumar lafiyar mata da yara ta ƙasar ta fitar da bayanin waɗanda take nufi da yara masu buƙata ta musamman: duk yaron da ke da daɗaɗɗiyar lalura a jiki, ko a girma, ko a ɗabi'a, ko yake cikin haɗarin samunta, wanda kuma yake buƙatar kulawa fiye da ta sauran yara. Da aka ƙirga da wannan ma'auni, sai aka ga kusan yaro ɗaya ne cikin biyar a can.

Me ake ƙara mata?

Abu na farko, yaro ba ƙaramin babba ba ne. Maganinsa da nauyinsa ake lissafa shi, kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi na iya mayar da magani guba. Kuma yaro ba ya cewa ga inda ke yi masa ciwo, balle wanda lalura ta hana shi magana. Sai an koyi karanta fuskarsa, da irin kukansa, da yadda ya ƙi nono.

Ɗauki sikila, tunda ita ce ta fi yawa a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa. Nas ɗin da ta yi zurfi a wannan fanni ta san zazzaɓin da ya kai 38.5 a ma'auni, ga yaro mai sikila, ba na jiƙa farasitamol a jira gobe ba ne, domin saifarsa ba ta kare shi daga ƙwayoyin cuta kamar ta sauran yara. Za ta kama hannun uwa ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin yaron na hagu, ta koya mata taɓa saifa, saboda ranar da ta kumbura farat ɗaya yaro ya yi fari fat, awoyi kaɗan ne tsakaninsa da halaka in ba a ƙara masa jini ba.

Sai maganar awon da maƙwabciyata ba ta samu ba. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna kusan kashi 11 cikin ɗari na masu sikila kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, in ba a yi rigakafi ba. A 1998 aka tabbatar cewa wata na'ura mai suna TCD, wadda ake ɗorawa a gefen kan yaro ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana iya nuna wanda ke cikin haɗari. Ba allura, ba ciwo. Ana so a riƙa yi wa yaro sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. A can, wanda awonsa ya yi sama sai a riƙa ƙara masa jini duk wata. A nan kuwa, wace uwa ce za ta samu jini duk wata na shekara da shekaru? Wannan ne ya sa likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar Hydroxyurea a kan yara 220. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana rage haɗarin ƙwarai. Abin da ya rage shi ne hannun da zai yi aikin: mai yin awon, mai bin sawun yaron da bai dawo ba, mai duba sakamakon gwajin jini, mai zaunar da uba ta fahimtar da shi dalilin sayen magani ga yaron da yake gani lafiya lau. Likitocin hoto ba za su taɓa isa ba, shi ya sa a Kaduna aka shiga horar da nas-nas su riƙa yin awon da kansu.

Haka abin yake ga yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Da yawa daga cikinsu ba lalurar ce ke ajalinsu ba, ciwon huhu ne da yunwa. A kwantar da yaro rigingine a yi masa ɗura da kunu mai ruwa-ruwa, ya shaƙe, kunun ya bi hanyar iska, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari. Ƙwararriyar nas za ta nuna wa uwa yadda za ta zaunar da shi a tokare kansa, yadda za ta ɗan ƙara wa kunun kauri, da yadda za ta riƙa juya shi don kada kwanciya ta huda masa fata. Mai farfaɗiya kuma, a daina cusa masa cokali a baki, a daina ɗura masa komai yana cikin jijjiga. A kwantar da shi a gefensa, a duba agogo, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Addu'a kuwa ana yin ta a cikin mota ma.

Akwai ɓangaren da na fi ganin darajarsa, wanda ba a cika maganarsa ba. A irin wannan karatu ana koya wa nas cewa ba yaron kaɗai take jinya ba, har da gidan. Uwar da ta shekara biyar ba ta yi barcin dare cikakke ba, wadda dangin miji ke yi wa gorin ita ta kawo masu wannan iri, wadda ta daina zuwa biki da suna saboda idon mutane, ita ma majinyaciya ce ko ba ta da kati. Sauran 'ya'yan da aka manta da su saboda hankali ya koma kan ɗaya, su ma haka. Sannan yaron nan likita huɗu yake gani, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa, na ido, ga mai gashi, kowa da ranarsa, kowa da takardarsa. Dole a samu mutum ɗaya da ya riƙe zaren duka.

Ina ake yin sa a nan gida?

Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digiri a aikin jinya a Nijeriya, a 1965, shekarar da su Loretta suka fara nasu. Yanzu jami'o'in Arewa irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna da sashen, digirin farko shekara biyar ne. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke yi wa kowa rajista. Hanyar da aka daɗe ana bi don ƙwarewa ita ce nas mai rajista ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta koma kwas na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a wani babban asibiti. Ta haka aka yaye masu jinyar yara a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, masu jinyar ƙashi a Dala, masu jinyar ido da na kunne a cibiyoyin tarayya da ke Kaduna. Mai digiri kuma tana iya zarcewa digiri na biyu a fannin lafiyar uwa da yaro. Maƙwabtanmu na Gana sun kafa kwaleji ta musamman don ƙwarewar nas-nas da ungozomomi da dokar 2011, kuma jinyar yara na cikin abin da suka fara da shi, da taimakon asibitin yara na Toronto a Kanada.

Sai dai ana zuba ruwa ne a kwando. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar ya bayyana cewa nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Waɗanda suka fi ƙwarewa su ake fara ɗauka. Ba na zargin mai tafiya, kowa ya san albashin. Amma ina lura da cewa 'yarmu da ke da aure da 'ya'ya a Gusau ko Azare ita ce mafi wuyar tashi, don haka ita ce ta fi cancanta a kashe wa kuɗin karatu.

Nan ne kuma gizo ke saƙar. Nawa ne cikin nas-nas ɗinmu suka samu gurbin ƙarin karatu, ma'aikata ta ba da hutu, maganar ta mutu a ɗakin maigida? Wai wa zai riƙe yara, wai karatun ya isa haka. Alhali shi ne mai cewa lallai mace ce za ta duba masa iyali in sun je asibiti. Aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu bn Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Shekara ɗaya ce ko biyu. Kaka za ta iya riƙe yara, ƙanwa za ta iya, abokiyar zama ta gari ma an ga wadda ta yi.

Ke kuma uwargida mai ɗa irin wannan, ranar asibiti mai zuwa kada ki tsaya ga karɓar magani kawai. Ki tambaya ko akwai sistar da ta yi kwas ɗin yara a sashen, ki san sunanta da ranar aikinta. Ki sayi ɗan littafi na makaranta ki riƙa rubuta nauyin yaro, da sunan kowane magani da adadinsa, da ranar da ciwo ya tashi da abin da ya gabace shi, ki tafi da shi duk inda za a duba shi. In mai sikila ne kuma ya kai shekara 2, ki ambaci awon TCD da sunansa, ki ce a nuna miki inda ake yi.