Kaza Ba Ta Cewa Wayyo

Cikin dabbobin gida babu wadda aka raina kamar kaza, babu kuma wadda ake mora kamarta. Ita ce kuɗin cefane ranar da aljihun maigida ya bushe, ita ce tarbar baƙo, ita ce farfesun mai jego. Duk da haka tukuicin da ta samu a bakin Bahaushe shi ne "ci ki goge baki", wai butulu ce. Alhali goge bakin nan tsafta ce: ragowar abinci take sharewa, tana kuma wasa bakin don ya yi mata daɗin tsince. Wadda ke ciyar da kanta da tono, ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai ba ta tashi sai don ɗan ci da sha, ni dai ban ga butulcinta ba.

Aibinta na gaskiya shi ne ɓoye ciwo. Kakanninta kajin daji ne na kudu maso gabashin Asiya, a daji kuwa wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Ko a tsakar gida ba ta tsira ba. An ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, amma marar lafiya har 'yan'uwanta take tsoro, don da sun ga ta yi laushi sai su rufe ta da sara. Saboda haka takan daure, ta riƙa kai baki ƙasa ko ba ta haɗiyar komai. Ranar da kowa ya gane ba ta da lafiya, sau da yawa ciwon ya riga ya ci ƙarfinta.

Lokacin kama ta shi ne da sassafe, sa'ad da aka buɗe akurki. Masu lafiya da gudu suke fitowa. Wadda ta tsaya baya, ta takure, ta saki fukafukai kamar ta yafa bargo, ita za a ɗauka a duba. A kalli zanko: ja ne, ko ya koɗe, ko ya yi duhu? A kalli ido da hanci, a saurari numfashi. A shafa jakar abincin da ke gindin wuyanta, wadda ya kamata ta kwana ta wayi gari babu komai a ciki. A taɓa ƙashin ƙirji. Idan ya fito da kaifi, rama ta daɗe. Sannan a leƙa inda ta kwana, don kashin kaza ba ya ƙarya. Mai jini, musamman ga 'yan tsaki a wuri mai laima, alamar cutar hanji ce wadda maganin Amprolium ke kwantarwa. Kore mai ruwa-ruwa kuwa shi ne abin tsoro.

Da hunturu ya kama ake jin gida kaza an wayi gari akurki ya zama wayam. Wannan annoba ita likitocin dabbobi ke kira Newcastle, da sunan garin Ingila inda aka gan ta a 1920 da wani abu, kusan lokaci guda da ɓullarta a tsibirin Jaba na Indunusiya a 1926. Kaza takan buɗe baki tana jan numfashi, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe har ta riƙa zagaye wuri ɗaya. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma ba ta da magani. A nan ne kowace tsohuwa ke fito da nata sani: barkono a ruwan sha, jiƙon ɓawon maɗaci, gautan kaji, tafarnuwa. 'Yan zamani kuma su fasa kafso ja da rawaya su zuba a kasko. Ba na raina tsofaffi, amma kafson nan asarar kuɗi ne, bai san hanyar bairos ba. Idan wata ta tashi, sai a yaba wa maɗaci, a manta da goman da suka sha shi suka mutu. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin na wannan cuta, har da nau'in I-2 da aka samar a Ostareliya don kajin ƙauye saboda yana jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu, a kuma yi shi tun iskar hunturu ba ta taso ba. Sabuwar kaza daga kasuwa, ko ta kyauta ce, a ware ta mako biyu, don da yawa ba a kai su kasuwa ba sai da aka ga annoba ta shigo unguwa. Kaskon ruwa ma a sa masa ido. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, to, ba shi kaɗai ba ne: tsuntsayen daji na sauka, agwagi kuma kan ɗauki cutar su yi ta yawo garau.

Sauran larurorin masu sauƙi ne. Ƙurajen da ke feso mata a zanko da fuska da damina, sauro ne ke yaɗa su, galibi kuma sukan bushe da kansu cikin 'yan makonni. Ƙwarƙwata kuwa kazar da kanta take yaƙar ta da wankan ƙura, sai a taimaka mata da toka da rairayi. Ƙumar da ke maƙalewa a gefen ido da kircin ƙafa, man kaɗe ko basilin na shaƙe su. Kananzir da baƙin mai ƙuna kawai suke ƙarawa. Idan shirwa ko muzuru ya yage ta, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa shuɗin maganin ciwo, a ware ta, don jan jini na jawo sara. Karaya kuwa ɗori ne da sillen kara da tsumma, mako uku ta taka.

Saura maganar wuƙa. Sabo da kaza ba ya hana yankanta, kuma da an ga tana layi sai a yi maza kada ta zama mushe. Don karaya ko rauni, babu laifi. Wadda ke kan magani sai kwanakin da aka rubuta a jikinsa sun cika kafin a ci namanta ko ƙwanta. Amma tun watan Fabrairun 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'in H5N1 a Afirka, lissafin ya sauya, don wannan tana kama mutum, kuma wajen yanka da figa ta fi kamawa. Idan kaji na zubewa farat ɗaya, kai a kumbure, zanko ya yi shuɗi, a sanar da malamin dabbobi, a hana yara taɓawa, a haƙa rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba.