Kasuwar Dogaye: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Farautar 'Yan Ƙwallon Kwando

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai sauraron shirinmu na wasanni ya aiko mana da tambaya. Ya ce yana da yaro ɗan shekara 16 wanda tsawonsa ya kusa mita biyu, wani kuma ya zo masa da maganar zai kai shi Amurka buga ƙwallon kwando idan ya biya kuɗin hanya. Shin gaskiya ne ana neman dogaye a can? Amsa ita ce e, ana nema ruwa a jallo. To amma wannan harka kasuwa ce, da dillalanta da 'yan damfararta, shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu yadda take.

A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa kafin su shiga babbar gasar NBA. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ana kiranta NCAA, kuma a rukuninta na ɗaya kaɗai akwai makarantu sama da 350. Ba ƙaramin kuɗi ke ciki ba: a 2016 gidajen talabijin sun amince su biya dala biliyan 8.8 don ci gaba da nuna gasar watan Maris na tsawon shekara 8. Saboda haka kowane koci yana da 'yan leƙen asiri masu yawo makarantun sakandare da sansanonin horo, hajar da suka fi nema kuwa ita ce dogo.

Dalili a fili yake. Kwandon yana rataye ne mita 3.05 daga ƙasa. Dogon da ke tsaye a gindinsa shi ke tare ƙwallon abokan gaba, shi ke cafe wadda ta kuskure, shi ke dannawa ciki ba wahala. Gudu da jifa ana koya wa yaro, amma babu kocin da ya isa ya ƙara masa tsawo, kuma mai mita 2.10 ba kullum ake cin karo da shi ba.

Wanda ya buɗe wa Afirka wannan ƙofa shi ne Hakeem Olajuwon na Legas, ɗan masu sayar da siminti. Da farko gola ne a ƙwallon ƙafa, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. A 1980 ya sauka Houston bisa shawarar wani koci Ba'amurke, kuma ko mai tarya bai samu ba a filin jirgi, tasi ya shiga zuwa jami'ar. Koci Guy Lewis ya karɓe shi ɗanye shataf. Lokacin hutu yakan je ya gwabza da Moses Malone, gwarzon NBA na zamanin, a nan ya goge. Jami'ar Houston ta kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984, duk da ba ta ci kofin ba. A 1984 shi aka fara zaɓa zuwa NBA, Michael Jordan ma na uku ya zo. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma har yau ana tuna yadda yake buga wasa da azumi a bakinsa.

Daga nan idon kowa ya buɗe. Dikembe Mutombo ya je Jami'ar Georgetown daga Kinshasa a 1987 da niyyar karatun likita, koci John Thompson ya ga tsawonsa ya ja shi fili. Joel Embiid na Yawunde kuwa, ɗan ƙasarsu Luc Mbah a Moute ne ya tsinto shi a wani sansanin horo a 2011. Ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Kansas, aka zaɓe shi na uku a 2014, ya zama gwarzon NBA a 2023.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Manute Bol, makiyayi ɗan ƙabilar Dinka daga Sudan mai tsawon mita 2.31, an kai shi Cleveland alhali bai iya Turanci ba, bai kuma buga wa jami'ar can ko wasa ɗaya ba, daga baya NCAA ta hukunta ta kan taimakon kuɗi da aka ba shi ba bisa ƙa'ida ba. Shi dai Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya shiga NBA. A 2017 kuma hukumar FBI ta kama mataimakan koci 4 kan cin hanci a harkar 'yan wasa. In haka ake yi a manyan makarantu, ina ga yaron da dillali ya ajiye a wata ƙaramar sakandare, ba dangin iya ba na baba? Ya ji rauni a gwiwa, ko tsawon ya tsaya, sai a nemi dillali a rasa. NBA kuwa mutum 60 kacal take zaɓa a shekara daga duk duniya.

Wasan ma ya canza. Tun 1986 aka shigo da jifan nesa mai maki uku a jami'o'i, sannu a hankali ya mamaye fili, har yanzu ana son dogo ya iya gudu, ya fito waje ya tare gajere, ya kuma jefa daga nesa. Zach Edey na Jami'ar Purdue, mai mita 2.24, shi ne gwarzon jami'o'i a 2023 da 2024, amma na tara aka zaɓe shi, don ana shakkar saurinsa. A ganinmu, a zamanin Olajuwon da wuya ya wuce na uku.

Ta fuskar kuɗi, tun Yulin 2021 ɗalibi na iya karɓar kuɗin talla, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye. Amma bizar ɗalibi ta taƙaita wa baƙo yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je Bahamas a 2022 sannan ya samu ya yi tallace-tallacensa.

Ga Alhaji mai tambaya, ga abin da muka sani. Makarantar da ke son yaro ita ke aiko da takardar karɓa mai suna I-20, da ita ake neman biza a ofishin jakadanci. NCAA tana duba sakamakon sakandare kafin ta bar shi ya buga, don haka kada a cire shi daga aji saboda ƙwallo. Akwai kuma hanya a nan gida Afirka: makarantar horo ta NBA da ke Senegal ta reni Khaman Maluach na Sudan ta Kudu, ya wuce Jami'ar Duke, aka zaɓe shi na 10 a 2025. A tambayi mai kai yaron sunan makarantar da sunan kocin, a kira su kai tsaye, kafin a ba da ko sisi.