Masu rawa a kan takarda: daga Zariya zuwa Zugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu yanka hatimi a Parakou ya riga ya san rabin wannan sana'a. Ana sassaƙa zane a kan katako ko roba mai kauri da ake kira lino, a shafa tawada, a danna takarda. Inda wuƙa ta ci yakan fito fari, inda ta bari ya fito baƙi, kuma dama takan koma hagu. Da allo ɗaya sai a buga kwafi talatin, kowanne da lambarsa, kamar 3/30.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi suna a wannan bugu. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar Turawa, amma abin zanawa ya fito daga gida. A zamanin ne Ben Enwonwu ke ta zana masu rawa dogaye, sirara, haka ma ɗaliban makarantar Poto-Poto da aka buɗe a Brazzaville a 1951.

Me ya sa mai rawa ya dace da bugu? Wuƙa ba ta son ƙananan abubuwa. Ido da hanci sukan ɓace, sai a bar lanƙwasar baya, da ƙafa a sama, da riga ta buɗe kamar laima. Motsin ake nema, ba kamannin wane ba. Na san hukuncin zana mai rai magana ce ta malamai, kuma gare su na bar ta.

Abin da ke damuna ni shi ne namu. Zugu tana kan tsohuwar hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, tana da bikin Gani da dawakinsa. Baribari na da rawar teke ta sanduna, mai kama da takai namu. Yau a waya kawai muke ɗaukarsu; waya ta faɗa ruwa, shi ke nan.

A ƙauyukanmu akwai masu sassaƙa ƙwarya, hannunsu ya san wuƙa. Guntun katako da tawada da takarda ba su fi ƙarfin makarantar firamare ba. Malami ɗaya ya isa ya haɗa su da yara.